Ɓoye Suna a Intanet: Shin Mai Neman Karatun Likita Ya Ɓuya Kuwa?

Gabatarwa

A kowace shekara dubban matasa a ƙasashen duniya sukan shiga fafutukar neman gurbin karatun likita, kuma kusan a ko'ina guraben ba su kai yawan masu nema ba. A ƙasar Amurka, alal misali, mutum 62,443 ne suka nemi shiga makarantun da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Kwalejojin Likitanci ta ƙasar a shekarar 2021, amma waɗanda suka fara karatu ba su kai 23,000 ba. Wato cikin kowane mutum uku, kusan biyu sun koma gida hannu Rabbana. Irin wannan gasa takan haifar da zullumi, shi kuwa zullumi yakan tilasta wa mutum neman abokin shawara. A wannan zamani, abokin shawarar sau da yawa baƙo ne da aka haɗu da shi a intanet.

Domin gudun kada maganarsu ta kai kunnen masu tantance su, yawancin waɗannan matasa sukan yi amfani da sunan aro. Da zarar ɗalibi ya laƙaba wa kansa wani suna na daban, sai ya saki jiki, ya faɗi makinsa da damuwarsa da ra'ayinsa game da makarantar da ta kira shi ganawa. Tambayar da wannan maƙala za ta duba ita ce: yaya ƙarfin kariyar da sunan aro ke bayarwa? Amsar da masana lissafi da kwamfuta suka gano cikin shekaru talatin da suka wuce ta shafi duk ɗalibin sakandare da ke riƙe da wayar salula, musamman wanda ke da burin zama likita.

Abin da ke sa ɗalibi ɓoye sunansa

Ya kamata a fara da yi wa waɗannan matasa adalci. Ɓoye suna ba laifi ba ne, kuma ba kowane mai ɓoye suna ke da mugun nufi ba. Akwai tambayoyin da ke da nauyin faɗa a bainar jama'a. Wani ya faɗi jarrabawa sau biyu, yana son ya san ko yana da sauran dama. Wata tana shan maganin ciwon damuwa, tana tsoron kada ambaton haka a takardar neman gurbi ya janyo mata cikas. Wani kuma iyayensa ba su da halin biyan kuɗin makaranta, yana neman hanyar samun tallafi.

Waɗannan matsaloli ba ƙanana ba ne. A shekarar 2016 mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka ta buga wani nazari da Lisa Rotenstein da abokan aikinta suka yi, inda suka tattara sakamakon bincike daga ƙasashe fiye da 40. Sun gano cewa kimanin kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likitanci suna fama da ciwon damuwa ko alamominsa, kuma cikin waɗannan, kashi 16 cikin 100 ne kawai suka nemi magani. Mutumin da ke jin kunyar zuwa asibiti yana iya samun ƙarfin halin yin tambaya idan ya tabbata ba a san shi ba. Saboda haka sunan aro yana da amfaninsa. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da mai shi ya ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Darasi daga ajin bayoloji

Duk ɗalibin da ya yi nazarin rabe-raben halittu ya san mabuɗin tantancewa, wato jerin tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a. A ba ɗalibi wani ƙwaro da bai taɓa gani ba. Sai ya tambaya: yana da ƙafafu shida? Yana da fukafukai? Fukafukan biyu ne ko huɗu? Bakinsa na tsotsa ne ko na tauna? Kowace amsa tana zubar da wani ɓangare na halittun da ake zato, har a wayi gari saura guda ɗaya. Ƙwaron bai faɗi sunansa ba, siffofinsa ne suka tona shi.

Haka lamarin yake ga ɗan Adam. Idan kowace tambaya tana raba jama'a gida biyu daidai, tambaya ɗaya takan bambanta rukuni 2, tambaya biyu rukuni 4, tambaya uku rukuni 8, tambaya goma rukuni 1,024. Idan aka ci gaba da ninkawa har sau 33, za a sami adadin da ya haura biliyan 8 da rabi. Yawan mutanen duniya kuwa ya kai biliyan 8 ne a watan Nuwamba na 2022. Ma'ana, tambayoyi 33 masu kyau sun isa a ware mutum ɗaya daga cikin dukan bil Adama. Masu neman karatun likita na Amurka da aka ambata a sama kuwa, tambayoyi 16 sun ishe su, domin ninka 2 sau 16 yana ba da 65,536.

Bugu da ƙari, wasu bayanan sun fi tambayar i ko a'a kaifi nesa ba kusa ba. Ranar haihuwa kaɗai tana raba jama'a gida 365, in an haɗa da shekara kuma sai rabon ya kai dubbai.

Yadda aka gano takardun asibitin gwamna

Misalin da ya fi shahara a wannan fanni ya faru ne a jihar Massachusetts ta Amurka. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar da ke kula da inshorar lafiyar ma'aikatan jihar ta saki bayanan zuwansu asibiti domin amfanin masu bincike. Kafin a sake su an goge sunaye da adireshi, amma an bar ranar haihuwa da jinsi da lambar shiyyar gidan waya. Gwamnan jihar na lokacin, William Weld, ya tabbatar wa jama'a cewa asirinsu a rufe yake.

A shekarar 1997 wata ɗalibar babban digiri a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, mai suna Latanya Sweeney, ta sayi rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge, inda gwamnan ke zaune, a kan dala 20. Rajistar tana ɗauke da suna da adireshi da ranar haihuwa da jinsi na kowane mai zaɓe. Da ta gwama takardun biyu, sai ta tarar mutum shida ne a birnin suke da ranar haihuwa irin ta gwamnan, uku daga cikinsu ne maza, kuma ɗaya tak ke zaune a shiyyarsa. Ta haka ta zaƙulo bayanan lafiyar gwamnan, ta aika masa da su ofishinsa.

A shekarar 2000 Sweeney ta ƙiyasta cewa waɗannan abubuwa uku sun isa a gane kashi 87 cikin 100 na Amurkawa. Wani masani mai suna Philippe Golle ya sake lissafin a 2006 da alƙaluman ƙidayar da ta biyo baya, ya sami kashi 63 cikin 100. Ko wanne aka ɗauka, fiye da rabin al'ummar ƙasa guda ke nan. A shekarar 2019 kuma Luc Rocher da abokan aikinsa suka nuna cewa siffofi 15 na mutum sun isa a gane fiye da kashi 99 cikin 100 na Amurkawa a kowane kundin bayanai da aka goge wa sunaye.

Abin lura a labarin gwamnan shi ne, babu wanda ya fasa kwamfuta ko ya saci kalmar sirri. Takardu biyu ne kawai aka ajiye gefe da gefe: ɗaya tana da sirri babu suna, ɗaya tana da suna babu sirri, sai siffofin da suka yi tarayya a kai suka zama gada tsakaninsu.

Inda mai neman gurbi ya fi kowa rauni

A nan ne matsalar mai neman karatun likita ta fi ta sauran jama'a. A Amurka yawanci sai mutum ya gama digirin farko yake shiga makarantar likitanci, kuma takardarsa tana ɗauke da makin jarrabawar shiga, wanda tun 2015 yake tsakanin 472 da 528, da matsakaicin makin digirinsa, da jiharsa, da fannin da ya karanta, da ayyukan sa kai da ya yi, da kuma labarin rayuwarsa da ya rubuta da kansa. Idan yana son shawara mai amfani daga baƙi a intanet, dole ya faɗi wasu daga cikin waɗannan abubuwa, domin ba a yi wa mutum hasashen damarsa ba tare da an san makinsa ba. Ke nan da hannunsa yake rubuta takardar farko, mai sirri babu suna. Takarda ta biyu, mai suna, tana nan ajiye a kan teburin kwamitin tantancewa.

A gwada da misalin lissafi, da alƙaluman da aka ƙaddara domin sauƙin fahimta. A ɗauka masu nema 60,000 ne. Wata mai sunan aro ta nuna cewa ita mace ce: saura 30,000. Ta ambaci jiharta, wadda a ce tana da kashi 2 cikin 100 na masu nema: saura 600. Ta faɗi ainihin makinta, wanda a ce mutum 1 cikin 25 ke samu: saura 24. Ta ce tarihi ta karanta a digirin farko: wataƙila saura 2. Ranar da ta rubuta cewa ta dawo daga ganawa a makaranta kaza, magana ta ƙare. Ba lallai ne ta faɗi waɗannan abubuwa a rana ɗaya ba. Tana iya faɗin ɗaya a watan Janairu, ɗaya a watan Yuli, amma duk suna nan a jere ƙarƙashin suna ɗaya, suna jiran mai haƙurin karantawa.

Sawun na'ura da sawun alƙalami

Ban da abin da mutum ya faɗa da gangan, akwai abin da na'urarsa ke faɗa a madadinsa. A shekarar 2010 Peter Eckersley ya gwada manhajojin shiga intanet kimanin 470,000, ya tarar kusan kashi 84 cikin 100 suna da haɗin siffofi da babu mai irinsa, kamar girman fuskar na'ura da nau'in haruffan da ke cikinta da agogon yankin da take. A 2013 Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa suka duba zirga-zirgar masu wayar salula miliyan 1 da rabi, suka gano cewa sanin wurare huɗu da mutum ya je, tare da lokutan zuwansa, ya isa a ware kashi 95 cikin 100 nasu. Hoton da aka ɗauka da waya ma yakan ɗauki bayanin rana da irin wayar, wani lokaci har da wurin da aka ɗauke shi. Manyan shafukan sada zumunta sukan goge wannan daga kwafin da jama'a ke gani, amma hoton da aka aika yadda yake ta imel yakan tafi da bayaninsa.

Akwai kuma salon rubutu. Kamar yadda ake gane Basakkwace da zarar ya ce "shina zuwa" a inda Bakano zai ce "yana zuwa", haka kowane marubuci yake da ɗabi'un da bai san yana da su ba: tsawon jimlolinsa, ƙananan kalmomin da yake yawan maimaitawa, har da kurakuran da ya saba yi. A shekarar 2013 marubuciyar nan ta Birtaniya, J. K. Rowling, ta fitar da littafi da sunan aro na Robert Galbraith. Cikin watanni uku asiri ya tonu. Da farko wata da ta ji labarin daga bakin wani na kusa da lamarin ce ta furta shi a Twitter, sannan masana biyu, Patrick Juola da Peter Millican, suka auna salon littafin da kwamfuta, suka ga ya dace da na Rowling. Mai neman gurbin da ya liƙa wani yanki na labarin rayuwarsa a intanet domin a gyara masa, ya ma hutar da mai bincike wannan wahala.

Duk da haka, kada mai karatu ya ɗauka kwamitin tantance ɗalibai yana da na'urorin leƙen asiri. Sawun na'ura yawanci kamfanoni da hukumomi ne ke iya ganinsa. Abin da ya fi kai ɗalibi ƙasa shi ne kalamansa, da kuma abokin da ya ɗauki hoton fuskar waya ya tura wa wani.

Shin makarantu suna dubawa?

Bincike ya nuna cewa masu dubawa ba su da yawa, amma akwai su. Carl Schulman na Jami'ar Miami da abokan aikinsa sun tambayi jami'ai 600 masu ɗaukar ɗaliban likitanci da likitoci masu neman ƙwarewa, aka buga sakamakon a 2013. Kashi 9 cikin 100 ne suka ce sukan duba shafukan sada zumunta a kai a kai yayin zaɓe, amma kashi 53 cikin 100 sun ce abin da bai dace ba, in an gan shi, yana iya hana mutum gurbi.

Samun gurbin ma ba ya rufe ƙofar haɗari. A shekarar 2017 Jami'ar Harvard ta janye gurbin digirin farko da ta riga ta bai wa aƙalla ɗalibai 10, bayan ta sami labarin hotuna da barkwancin cin mutunci da suka riƙa tura wa juna a wani rukunin hira na Facebook da suke ɗauka na sirri ne. A Kanada, Jami'ar Dalhousie ta dakatar da ɗalibai maza 13 na ajin ƙarshe a sashen likitancin haƙori daga duba marasa lafiya a farkon 2015, saboda kalaman batsa da aka rubuta game da 'yan ajinsu mata a wani rukuni irin wannan. Tun a 2009 Katherine Chretien ta tambayi makarantun likitanci na Amurka, inda 78 suka amsa. Kashi 60 cikin 100 nasu sun ce sun taɓa samun ɗalibi ya wallafa abin da bai dace ba a intanet, kashi 13 cikin 100 sun ce har da tona sirrin majiyyaci, makarantu uku kuma sun kai ga korar ɗalibi.

Me ya sa aka fi tsananta wa likita?

Dalili shi ne aikin likita a kan amana ya ginu. Majiyyaci yakan faɗa wa likita abin da bai faɗa wa matarsa ko mahaifinsa ba. Rantsuwar Hippocrates ta tsohuwar ƙasar Girka ta wajabta riƙe sirri, haka ma Sanarwar Janiba da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta amince da ita a 1948. A Amurka, ƙa'idar sirrin bayanan lafiya da ta fara aiki a 2003 ta lissafa abubuwa 18 da za a cire daga takardar majiyyaci kafin a ce an ɓoye shi, kuma suna ɗaya ne kawai daga cikinsu. A Birtaniya, hukumar da ke yi wa likitoci rajista ta ba da shawara a 2013 cewa duk wanda ya bayyana kansa a matsayin likita a shafukan da jama'a ke gani, ya kamata ya faɗi sunansa na gaskiya.

Lissafin da ke tona mai sunan aro shi ne dai ke tona majiyyaci. Ɗalibin da ya rubuta cewa yau ya ga wata mata mai shekara 34 da ta haifi 'yan uku a asibitin garinsu bai faɗi sunanta ba, amma duk unguwarsu sun san ta. Don haka mai tantancewa da ya ga matashi yana sakin baki a kan al'amuransa da na abokansa, yana da hujjar tambayar kansa yadda wannan matashi zai yi da sirrin wasu.

Yaya lamarin yake ga ɗalibin Najeriya?

A Najeriya ana shiga karatun likita ne kai tsaye daga sakandare, kuma zaɓen ya fi dogara ga makin jarrabawar JAMB da sakamakon WAEC ko NECO da tantancewar da jami'a ke yi. Amma wannan bai fitar da ɗalibi daga cikin maganar ba. Tun watan Disamba na 2020 aka umarci a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, kuma daga 2021 hukumar JAMB ta sa lambar ta zama sharaɗin rajista. Asusun da aka buɗe da lambar waya, ko da wane suna aka sa masa, yana da igiyar da ke komawa ga mai shi. Ɗalibin da ya wallafa hoton takardar sakamakonsa don murna, da lambar rajista a jiki, ya buɗe ƙofa ga 'yan damfara masu alkawarin ƙara maki ko sayar da gurbi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai niyyar ƙaro karatu a waje kuma ya sani cewa tun 2019 Amurka ta fara buƙatar yawancin masu neman biza su rubuta sunayen da suka yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekaru 5 da suka gabata, kuma a watan Yuni na 2025 ta umarci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu yadda jami'ai za su iya gani. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙi a kan hukumomi da kamfanonin da ke riƙe da bayanansa, amma babu dokar da za ta iya dawo da hoton da ya riga ya shiga wayoyi ɗari.

Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ɗalibin da ke buƙatar yin tambaya a ɓoye ya yi, amma ya rage kaifin bayanansa: ya faɗi zangon da makinsa yake ciki maimakon ainihin lambar, ya ambaci yanki maimakon gari, ya guji faɗin ranaku. Kada ya yi amfani da sunan aro ɗaya a wurare da yawa, kada kuma ya sa hoton da ke kan shafinsa na gaskiya. Takardar da zai miƙa wa makaranta ya kai ta ga malamin da ya amince da shi. Matsalar lafiya kuwa ya kai ta ga likita, wanda ƙa'idar aikinsa ta ɗaure shi ya riƙe sirri. Kafin ya aika kowane saƙo, ko a rukunin abokai biyar ne, ya ƙaddara cewa wata rana za a karanta shi da sunansa a ƙasa, domin magana zarar bunu ce.

Malamai ma suna da rawar takawa, kuma ba sai da kwamfuta ba. Malamin bayoloji ko na lissafi yana iya tsayar da aji mai ɗalibai 60, ya ƙudurta ɗaya a ransa, ya ce wa sauran su gano shi da tambayoyin i ko a'a ba tare da ambaton suna ba. Idan sun iya zaɓen tambayoyinsu, shida sun ishe su, domin ninka 2 sau 6 yana ba da 64. Ɗalibin da ya ga an zaƙulo abokinsa cikin minti biyu zai yi tunani kafin ya sake dogara ga sunan aro, kuma idan Allah ya kai shi ga sanya farar rigar likita, zai tuna cewa goge sunan majiyyaci kaɗai bai isa rufa masa asiri ba.